Fasuwod ɗin waifai ɗinmu har mai shayi ya haddace shi

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da masu makarantu da asibitoci masu zaman kansu da ƙananan ofisoshi, da kuma 'yan uwana masu kula musu da kwamfutoci, a kan yadda muke tsare waifai da fasuwod guda ɗaya tal wanda duk unguwa ta sani. Ni ba wani babban injiniya ba ne, aikina kula da kwamfutoci a wata makaranta mai zaman kanta a nan Kano, ba zan faɗi sunanta ba kar a ce na tona asirin gida, amma na tabbata abin da ya same mu ya sami wurare da yawa.

Wata rana wajen ƙarfe goma na safe na fito ƙofar makaranta zan sha shayi, ina zaune a benci ana soya min ƙwai sai ga wani yaro ɗan adaidaita ya faka ya miƙa wa mai shayin waya ya ce "Baba sa min na makarantar nan". Shi kuwa ko ɗago kai bai yi ba, ya goge hannu a jikin riga ya danna fasuwod ɗin da ni na ƙirƙira da kaina, har da babban harafin nan da alamar da na cusa a tsakiya wai don ya yi wuyar ganewa. Na ce Baba a ina ka samo wannan, ya ce ai Malam kowa a layin nan ya sani, in ma kana so in sa maka. Wallahi ƙwan nan ban ji ɗanɗanonsa ba.

Na koma ciki raina a ɓace ina ta zargin ɗalibai, amma da na huce sai na ga in ɓera da sata daddawa ma da wari. Fasuwod ɗin nan duk malamai sun san shi, an taɓa rubuta shi a allon ɗakin malamai aka manta ba a goge ba, kuma ko ba a faɗa wa mutum ba, wayar Android daga ta 10 zuwa sama tana da wurin da za ka danna ta fito maka da hoton QR wani ya haska ya shige abinsa. A Windows kuwa layi ɗaya za ka rubuta, netsh wlan show profile da sunan waifai ɗin sai ka ƙara key=clear, in kana da ikon admin, wanda a kwamfutocinmu kusan kowa na da shi, sai ga fasuwod ɓaro-ɓaro. Yaran aji biyar sun fi mu sanin wannan. In na canza shi kuma sai na bi kwamfutoci sama da arba'in ɗaya bayan ɗaya ina sa sabo, yini guda cur ya tafi, kafin sati ya zagayo ya sake komawa bakin mai shayi.

Mutane sun fi ganin asarar data, don ita ce ke taɓa aljihu, mu ma datar wata kafin ashirin ga wata ta ƙare har mai makarantar ta fara yi min wani irin kallo kamar ni nake sayarwa. Amma ni abin da ya fi tayar min da hankali shi ne duk wanda ya shigo waifai ɗin nan, to ɗaki ɗaya yake zaune da kwamfutar da ke ɗauke da sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗin makaranta da firinta da na'urar kyamarorin tsaro, wadda fasuwod ɗinta har lokacin na kamfani ne ba wanda ya canza. Kuma a tsarin kulle waifai da ake kira WPA2 mai fasuwod ɗaya, wanda ya san fasuwod ɗin ya kuma kama gaisuwar farko da kwamfutarka ta yi da akwatin waifai, zai iya kwance abin da ke wucewa tsakaninku, sai dai abin da shafin da ka shiga ya riga ya kulle da kansa. WPA3 da ya fito a 2018 ya toshe wannan ƙofar, amma bai hana ni ba ka fasuwod kai ma ka ba wani ba. Sannan tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, makaranta kuwa sunayen yaran mutane da adireshinsu da lambobin iyayensu ne cike a hannunta.

Na fara da dabarun da kowa ke yi. Na ɓoye sunan waifai ɗin, abin da ko minti biyar ba zai tsayar da mai ɗan sani ba. Na koma tace na'urori da lambar MAC, wato lambar shaidar da kowace na'ura ke da ita a netwok, na bi kowace kwamfuta na kwafi lambar na jera, ashe an sayar da kare ne an sayi biri, don lambar nan a fili take yawo a iska kowa zai iya gani ya ara, ga shi wayoyin yanzu, Android tun daga ta 10 da iPhone tun daga iOS 14, ƙirƙirar lambar bogi suke yi wa kowane waifai. Sai ya zama malamai na gaskiya ne ke kasa shiga, masu satar suna ciki hankali kwance.

Abin da ya raba gardama a wurinmu shi ne tsarin da ake kira 802.1X, a akwatin waifai za ka ga an rubuta WPA2-Enterprise ko WPA3-Enterprise. Ba sabon abu ba ne, tun 2001 hukumar IEEE ta fitar da shi, mu ne dai muka ɗauka na bankuna da manyan kamfanoni ne kawai. Yadda nake yi wa mutane bayani shi ne, akwatin waifai da ke maƙale a silin ya koma maigadi wanda ba shi da ikon cewa shiga ko kar ka shiga, aikinsa ya karɓi takardarka ya kai ofis, ofis ne zai duba ya aiko da amsa. Ofishin nan shi ne sabar RADIUS, saba kuwa ita ce kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, RADIUS kuma wata tsohuwar hanya ce da aka ƙirƙira tun farkon shekarun 1990 lokacin da ake shiga intanet ta layin tarho, har yau kuma tana aiki, tana sauraro a ƙofa mai lamba 1812. In ofis ya amince, kowace kwamfuta makullinta daban ake yanka mata na wannan zaman, maƙwabciyarta ba ta san shi ba.

To wace takarda kwamfuta za ta nuna? A nan satifiket ya shigo, hanyar da ake kira EAP-TLS. Duk wanda ya taɓa neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ya riga ya san yadda abin yake. Wanda zai karɓi takardar a Abuja bai san ka ba, bai san mahaifinka ba, abin da ya sani shi ne hatimin ƙaramar hukuma, ita kuma ta buga ne don hakimi ya sa hannu, shi kuma don dagaci da mai unguwa sun ce sun san gidanku. Haka nan za ka kafa naka ofishin hatimi a cikin gida, wanda masu sana'ar ke ce wa CA, ya riƙa ba kowace kwamfuta takarda mai sunanta da ranar farawa da ranar ƙarewa da hatiminsa. Inda ta fi takardar ƙaramar hukuma shi ne ba a yi mata fotokwafi a ci riba, domin tare take da wani makullin sirri da kwamfutar ta ƙirƙira a cikinta wanda ba ya fita ko'ina, a lokacin shiga ana ba ta wani abu ta sa hannu da shi, saba ta gwada da ɓarin makullin da ke jikin takardar, in sun dace shi ke nan. Makullin kansa bai taɓa hawa iska ba. In kwamfutar na da guntun nan na TPM mai ajiye makullan sirri, wanda Windows 11 ta wajabta, ana iya binne makullin a cikinsa yadda ko mai ikon admin ba zai kwafe shi a filasha ba. Babu abin haddacewa, babu abin da za a raɗa wa aboki a kunne.

Kuma binciken nan ɓangare biyu ne, wannan shi ne wurin da na ga abokan sana'a da yawa suna sakaci. Ita ma saba tana da nata satifiket, kwamfuta sai ta duba ta tabbata ofishinmu ne na gaske kafin ta ce uffan. In ba ka tilasta wannan ba, wani zai iya zama a mota a bakin katanga da ƙaramar na'ura ya sa mata sunan waifai ɗinku, kwamfutoci su tafi wurinsa da ƙafarsu. Shi ya sa ban bi hanyar PEAP ba, wadda kowane malami zai sa sunansa da fasuwod ɗinsa, duk da ta fi sauƙin kafawa. A cikinta akwai wata tsohuwar hanya MS-CHAPv2 wadda tun 2012 wani masanin tsaron kwamfuta, Moxie Marlinspike, ya nuna a taron masu kutse na Defcon cewa ana fasa ta, abin da ke rufa mata asiri kawai shi ne rigar TLS da ke samanta, wato kullin da ke ɓoye zancen da ke tsakanin kwamfuta da saba, mutum na danna "na yarda" a kan satifiket ɗin bogi to an tuɓe rigar. Android ma daga ta 11 aka fara cire zaɓin nan na "kar a bincika", ita kuma Microsoft daga Windows 11 22H2 ta kunna wata kariyar fasuwod mai suna Credential Guard da kanta a bugun Enterprise da Education, wanda ya hana wancan tsarin ɗaukar fasuwod ɗin mutum kai tsaye, mutane da yawa suka wayi gari waifai ya ƙi su. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Da na kai wa mai makarantar maganar, tambayarta ta farko ita ce nawa. Na ce Hajiya akwatunan da muke da su za su yi, don kusan duk na ofis irin su UniFi da MikroTik da TP-Link Omada sun san RADIUS, saba ma muna da ita a ɗakin kwamfuta tana riƙe da sunayen malamai, abin da nake buƙata batir biyu na inbata da hutun ƙarshen zango ba mai damuna. Ta ce "Injiniya, kai dai kar mu dawo hutu ka ce min komai ya tsaya." Na ce in sha Allahu Hajiya. Da ta san abin da zai biyo baya da ta sa na rubuta na sa hannu.

Ga wanda yake da Windows Server da Active Directory, wato rajistar da ke riƙe sunayen ma'aikata da kwamfutocin gida, aikin ba shi da yawa in ka san jerinsa. Na ɗora AD CS, shi ne ofishin hatimin. A cikin samfuran takardunsa akwai mai suna Workstation Authentication, na kwafe shi na yi namu, na ba rukunin Domain Computers izinin karɓa da kansu, na tabbata ba a yarda a fitar da makullin sirri ba. Ita kuma sabar RADIUS, wadda a Windows sunanta NPS, na ba ta nata daga samfurin RAS and IAS Server, na yi mata rajista a Active Directory don ta iya karanta asusun kwamfutoci, abin da mutane kan manta su kwana suna neman laifi a wani wuri. Sai na gabatar mata da akwatunan waifai ɗaya bayan ɗaya, kowanne da adireshinsa da wata kalmar sirri da ke tsakaninsa da saba kaɗai, ita wannan ka yi ta doguwa sosai tunda ba mutum ne zai riƙa rubuta ta kullum ba, kuma ka ba akwatunan adireshin da ba ya canzawa, in ba haka ba ranar da aka ɗauke wuta aka dawo saba za ta ce ba ta san su ba. Dokar shiga kuwa layi biyu ce, ka zo ta waifai, kana cikin rukunin kwamfutocin makaranta, hanyar tantancewa kuma satifiket kaɗai, na cire duk sauran.

Saura Group Policy, wato dokokin da saba ke tura wa duk kwamfutoci a lokaci guda, nan ne daɗin abin yake. Doka ɗaya ta ce kowace kwamfuta ta nemi satifiket da kanta ta kuma sabunta shi da kanta, ɗaya kuma ta kai mata sunan waifai da yadda za ta shiga, da sunan sabar da za ta yarda da ita da hatimin da za ta duba, tare da hana ta tambayar wanda ke zaune a gabanta ko ya yarda da wata saba daban, don ɗalibi duk abin da ya fito masa "eh" yake dannawa. Na zaɓi a tantance kwamfutar ita kanta, ba mutumin da ke kanta ba, kuma da dalili. In kwamfuta ce ke da takarda, tana kunnuwa take hawa waifai tun ba wanda ya taɓa ta, ta karɓi dokokinta, sabon malamin da bai taɓa zama a kanta ba ya sa sunansa ya shiga. In kuwa sai mutum ya shiga kafin waifai ya zo, shi kuma sabon mutum ba ya shiga sai da netwok, ka ga an yi kaza da ƙwai. Wani kaza da ƙwan kuma da ba makawa sai ka bi ta kansa, kwamfuta ba za ta sami satifiket ba sai ta ga saba, ba za ta ga saba ta sabon waifai ba sai da satifiket, don haka karon farko da igiya ake yi. Na shimfiɗa doguwar kebul a tebur ina jona su ɗaya ɗaya, in rubuta gpupdate /force don ta jawo sababbin dokoki, in buɗe certlm.msc inda takardun kwamfuta ke zama in ga takarda ta sauka, in zare igiya in ga ta hau iska da kanta, in ɗauko ta gaba. Tsohon waifai mai fasuwod kuma ban kashe shi ba sai da ta ƙarshe ta haye.

Wanda ba shi da Windows Server kar ya ce an bar shi a baya, akwai FreeRADIUS, kyauta ce, tun 1999 ake amfani da ita, tsohuwar kwamfuta mai Debian ko Ubuntu ta ishe ta, ko ma ɗan Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan kamar tafin hannu, da ba ya cin wuta. Hatimi kuma ka yi da OpenSSL ko easy-rsa. Masu MikroTik ma a RouterOS 7 akwai User Manager da ya iya EAP-TLS. Gargaɗi biyu kawai, takardun gwaji da ke zuwa da FreeRADIUS kwana 60 ne ransu, kar ka gina gida a kansu, sannan tunda da hannu za ka riƙa kai wa kowace kwamfuta fayil ɗinta mai ƙarewa da p12, to fayil ɗin nan da makullin sirri a cikinsa yake, in ka bar shi a filasha yana yawo ka koma gidan jiya, fasuwod ne kawai ya canza riga. Ka sa shi, ka hana fitar da makullin, ka goge. In abu ya ƙi, tsayar da ita ka kunna ta da freeradius -X ka zauna ka karanta, duk abin da ke faruwa tana faɗa, mu ne ba ma son karatu.

Yanzu bari in faɗi inda na sha kashi, don wanda zai bi bayana. Ranar Litinin ɗin da aka dawo hutu kwamfutoci bakwai a ɗakin ɗalibai suka ƙi hawa, sauran lafiya lau. Na duba saba, na duba akwati, na sake jona igiya, gumi har cikin ido, sai wata yarinya 'yar aji uku ta ce "Malam agogon wannan fa 2012 yake nunawa." Kwamfutocin nan gwanjo ne da aka sayo a kasuwa, ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allon cikinsu, CR2032, ya mutu tun tuni, da can ba wanda ya damu don suna hawa intanet su gyara agogonsu. Yanzu kuwa kwamfuta ta duba takardar saba ta ga wai sai nan da shekara goma sha wani abu za ta fara aiki, ta ce ba ta yarda ba, ba ta hau waifai ba balle ta gyara agogo. Batirin da kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa da wake ba shi ya tsayar da darasi biyu. Littattafan Turawa ba sa tsayawa a kan wannan don su wutarsu ba ta ɗaukewa, kwamfutocinsu kuma ba sa kai wannan shekarun, amma a wurinmu kafin ka taɓa satifiket ka sayi fakitin batir ka bi su duka.

Na biyu ya fi ciwo don ni na jawo da hannuna. Ofishin hatimin a wata kwamfuta daban na ajiye shi, da na ga kowa ya karɓi takardarsa sai na ce ai aikinsa ya ƙare, na kashe shi don inbata ta ƙara jimawa. Bayan sati ɗaya da 'yan kwanaki, da safe, kowa da kowa aka kore shi, har kwamfutar Hajiya. Ashe ofishin nan yana fitar da wani jeri na takardun da aka soke, CRL, wanda a yadda Windows ke zuwa ransa sati ɗaya ne, NPS kuma in ba ta sami sabo ba ba ta cewa bari in yi haƙuri, kowa take ƙi. A Event Viewer, inda Windows ke rubuta duk abin da ya faru, na gano, lamba 6273 ita ce an ƙi, 6272 an karɓa, a ƙasan ta farkon an rubuta ƙarara cewa an kasa bincika sokewa. Kafin in gano Hajiya ta leƙo sau uku, a na ukun ba ta ce komai ba, tsayawa kawai ta yi a bakin ƙofa da jakarta a hannu, wanda ya fi faɗa zafi. Na kunna kwamfutar, jeri ya fita, komai ya dawo.

Daga nan na koyi cewa da ka bi wannan hanyar, saba ta zama zuciyar gidan, in ta mutu ba mai shiga, don haka ita da akwatunan waifai da suwic, wato akwatin da igiyoyin netwok ke haɗuwa, su ne farko a kan inbata kafin fankar kowa, in da hali ma a yi saba biyu. Takardun kwamfutoci shekara ɗaya suke yi kuma suna sabunta kansu tun saura makonni, amma laftof ɗin da aka kulle a durowa wata da watanni zai iya wuce lokacinsa, sai an koma masa da igiya. Takardar saba da ta uban hatimin, wato ta CA ɗin kansa, kuwa ka rubuta ranar ƙarewarsu da babban alƙalami ka manna a bango, ba a fafe gora ranar tafiya. Masu raba takardu ta Intune, wato manhajar Microsoft ta kula da na'urori ta intanet, su ma su lura, tun sabuntawar Mayun 2022 Microsoft ta fara neman takarda ta zo da lambar SID, wato lambar shaidar asusun mai ita a Active Directory, daga Fabrairun 2025 kuma ta tsananta, tsohuwar takardar da ba ta da wannan alaƙar ana iya ƙin ta.

Ga masu makarantu da asibitoci kuma, wannan naku ne. Makullin uban hatimin nan shi ne dukiyar, duk wanda ke riƙe da shi zai iya buga wa kowace na'ura takardar shiga gidanku. Na san wurin da aka ɗauko ɗan kwangila ya kafa irin wannan tsarin a kan laftof ɗinsa, aka samu saɓani a kan cikon kuɗi ya tafi da abinsa, ba su iya ƙara ko kwamfuta ɗaya ba sai da aka rushe aka sake daga tushe. Ko ni da nake rubutun nan na ce wa Hajiya kar ta yarda da ni ni kaɗai, kwafin makullin da fasuwod ɗinsa na cikin ambulan a sef ɗinta, tare da takarda shafi uku da na rubuta yadda aka kafa komai, don rai ba a bakin komai yake ba, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Amfaninsa na gan shi ranar da aka sace laftof ɗin wani malami a cikin adaidaita. Da a da ne sai a canza fasuwod a bi kowa, wannan karon asusun kwamfutar guda na kashe na soke takardarta, minti biyu, ba wanda ma ya san an yi wani abu. Wayoyin malamai da baƙi kuwa na ware musu nasu waifai mai fasuwod, a wani layi daban da ba ya ganin komai na makaranta sai intanet, na kuma ƙayyade masa gudu, wannan ko an kai wa mai shayi ban damu sosai ba, kuma na ji an kai. Jami'o'in duniya ma da 802.1X ɗin nan suka gina eduroam, wanda ya faro daga Turai yanzu ana amfani da shi a ƙasashe sama da ɗari, ɗalibi ya je wata jami'a a wata ƙasa na'urarsa ta hau da shaidar makarantarsu ta gida, don haka ina ganin ya kamata kwalejojinmu na kimiyya da fasaha su riƙa sa ɗalibai su kafa shi da hannunsu kafin su gama, maimakon yaro ya zo mana aikin koyon sana'a ya iya zana netwok a takarda amma bai taɓa ganin satifiket a cikin kwamfuta ba.

Abu biyu ne har yanzu ban sami bakin zarensu yadda nake so ba. Tsofaffin firintoci da ba su san wannan yaren ba na mayar da su kan igiya, amma akwai guda a ofishin da kebul bai kai ba, tana nan a layin baƙi tana ba ni kunya. Sai laftof ɗin malamai na kansu masu Windows Home, wanda ba ya shiga domain, wato rajistar nan ta Active Directory, wasu ma Windows ɗin ta bayan fage aka ɗora musu a kasuwa, su kuma suna son su riƙa tura sakamako daga kansu, in ba su takarda da hannu ina tsoron abin da ke cikin laftof ɗin, in hana su a ce Injiniya ya cika tsanani. Malam Edita, in akwai mai karatu a Kano ko Zariya ko Kaduna ko Damagaram da ya warware wannan ba tare da kashe kuɗin lasisi mai yawa ba, don Allah ya rubuto ta wannan shafin, ina duba shi duk mako.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku, mai kula da kwamfutoci a wata makaranta, Kano.